Masu zuwa aiki a jirgin sama daga tsibiri zuwa tsibiri, da mu 'yan hanyar Nyanya

Baban Khalifa (Masaka): Assalamu alaikum jama'ar gida. Wai kun san akwai mutanen da jirgin sama suke hawa su je aiki da safe, su dawo gida da yamma? Ba shugabannin kamfani ba, ba 'yan majalisa ba. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da magina. A tsibirai suke, babu titi babu gada, sai ruwa. A arewacin Sikotland akwai tsibiran Orkney, a can ake da tafiyar jirgin fasinja da ta fi kowace gajarta a duniya, daga Westray zuwa Papa Westray. Kilomita 2.7 ne tsakaninsu. A jadawali minti ɗaya da rabi aka rubuta, kuma an taɓa yin ta a daƙiƙa 53. To mu da muke baro Masaka da Mararaba kafin assalatu don mu riski rajista a Sakatariya a Abuja, mu da su wa ya fi shan wuya?

Auta: Yaya, daƙiƙa 53? Ai ko addu'ar hawa abin hawa ba ka ida ba za a ce maka sauko an iso.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ni fa ban ga abin sha'awa a nan ba. Kuɗi ne suka yi musu yawa. Abin da bai kai kilomita uku ba, kana hango ɗaya gaɓar da idonka, sai ka tayar da jirgin sama? Kwalekwalensu ya ƙare ne? Mutanenmu na Yawuri kullum a kan ruwa suke kai kaya kasuwa, ba wanda ya saya musu jirgi.

Injiniya Ɗan Zariya: Hajiya, ranki ya daɗe, ba don wannan ɗan tsallaken kaɗai ake tayar da jirgin ba. Daga Kirkwall yake tasowa, babban garin tsibiran, ya sauka a Westray, ya tsallaka Papa Westray, ya koma gida. Zagaye ne, wannan minti ɗayan wani yanki ne na hanya. Jirgin kuma ba irin wanda kike hawa zuwa Umara ba ne. Islander ake ce masa, mai farfela biyu, fasinja 8 da matuƙi ɗaya. Babu ma'aikaciyar cikin jirgi, babu shayi, babu bayi. Matuƙin da kansa zai waiwayo ya yi muku bayanin ƙofar gaggawa, kuma idan ya ga dama ya canja wa mutum kujera don nauyi ya daidaita. Wanda ya zauna a bayansa yana kallon hannunsa a kan komai. In kina so ki gane shi, ki ɗauka bas ɗin Mararaba ce aka yi wa fukafukai, sai dai ita ba a cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku.

Kamfanin Loganair ke wannan zirga-zirga tun 1967. Akwai matuƙinsu ɗaya, Stuart Linklater, da ya yi wannan tsallaken fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013. Jirgin ruwa kuma akwai shi, amma tekun can ba kogin Neja ba ne. Lokacin hunturu igiyar ruwa da iska sukan hana fita.

Hajiya Mai Atamfa: To mutum nawa ne a tsibirin da har ake musu wannan hidima?

Injiniya Ɗan Zariya: Papa Westray ba su cika 100 ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ka ji ko! Layinmu kaɗai a Kubwa ya ninka su. Allah Ya ba mu gwamnati mai tausayi.

Baban Khalifa (Masaka): Hajiya kin zo inda nake so a zo. Wa ke biya? Don na san kuɗin tikitin mutum takwas ba zai riƙe jirgi da matuƙi da makanike ba.

Injiniya Ɗan Zariya: Ba zai riƙe ba, Yaya. Ƙaramar hukumar tsibiran ce ke ba da kwangilar, ta cika gibin. Lissafinsu mai sauƙi ne: makarantar da ke da ɗalibai 'yan ƙalilan ba za ta iya ajiye malamin kowane darasi ba, sai a ɗauki malami ɗaya yana zagaya tsibirai a jirgi, yau nan gobe can. Haka likita, haka likitan dabbobi, har ma'aikacin banki da jirgi yake zuwa ya buɗe musu reshe na 'yan sa'o'i ya koma. Idan aka janye jirgin, masu yara ƙanana za su fara ƙaura, makaranta ta rufe, tsibiri ya zama kufai. Abin da suke gudu ke nan.

Kuma ba su kaɗai ba. Sifaniya tana biya wa mazauna tsibiran Kanari kashi 75 cikin 100 na kuɗin tikiti, ko tsakanin tsibiran ko zuwa babbar ƙasa. Hujjarsu ita ce mutumin Madrid an shimfiɗa masa titi da layin dogo da kuɗin haraji, shi na tsibiri sama ce hanyarsa, dole a sa masa hannu.

Malam Na Jos: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma wannan ta taɓa ni. Iyalina suna Jos, ni ina aiki a nan. Juma'a in an sauko masallaci in nufi tasha, mu bi Keffi, Akwanga, mu hau Hawan Kibo, in Allah Ya sa babu tirelar da ta faɗi in isa bayan isha'i. Lahadi da la'asar in juyo. Ƙaramar 'yata ta fara tafiya ba na nan, a waya aka nuna mini. Don haka da na ji ana cewa mutum ya hau jirgi da safe, ya yi aikinsa a wani tsibiri, ya dawo ya ci tuwon dare da 'ya'yansa, wallahi ban ga almubazzaranci ba. Ni da za a ba ni wannan, da hannu biyu zan karɓa.

Auta: Malam ai ku kuna da filin jirgi a Heipang. Ka riƙa shillawa kawai.

Malam Na Jos: Auta ke nan. Bari in yi maka lissafi ko da a ce akwai jirgi kowace safiya. Daga Anguwan Rogo zuwa Heipang tafiya ce mai zaman kanta, sai ka ratsa gari, ka wuce Bukuru. Ka isa da wuri saboda bincike da layi. Ka yi kamar rabin sa'a a sama. Ka sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda shi ma kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar gari, ka biya tasi kuɗin da ya fi na motar Jos gaba ɗaya. Ka haɗa duka, sa'a uku ta tafi, kuma ba mu zo maganar tikiti ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024. Tikitin zuwa kawai ya haura haka. Sannan ga hazo. In hunturu ya kankama, sai ka wuni a filin jirgi ana ce maka a ƙara haƙuri.

Injiniya Ɗan Zariya: Gaskiyar Malam. Abin da ya sa nasu yake yiwuwa shi ne ƙasa ba ta cinye musu lokaci. Filin jirgin Papa Westray ɗan ɗaki ne da fili. Manoman tsibirin ne ke barin gona su sa kayan kashe gobara in jirgi zai sauka, ya tashi su koma aikinsu. Ka zo saura 'yan mintuna, a duba sunanka, ka shiga. Mu kuwa tafiyar sama ce gajera, kafin ta da bayanta ne dogaye.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in kawo wani gefe, don na ga maza sun fara mafarkin jirgi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi aiki a wani asibitin ƙauye kafin a dawo da ni gari. Likitanmu a birni yake kwana, ya zo da hantsi ya koma da la'asar. Mutum ne mai kirki, amma naƙuda ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Ƙarfe biyun dare mace za ta zo jini na zuba, daga ni sai ungozoma da fitilar waya, muna kira yana gaya mana abin da za mu yi. To ku ɗora wannan a tsibiri, inda jirgin ƙarshe ya tashi da yamma. Ku kuna kallon daɗin wanda ya koma gida ya ci tuwo da iyalinsa. Ni ina kallon waɗanda ya bari a can.

A Hawai akwai tsibirin Molokai, mutanensa wajen 7,000. Yawancin ƙwararrun likitoci daga Honolulu, babban birnin Hawai, suke zuwa musu, ko kuma marar lafiya ya hau jirgi ya je ya same su. Jirgin ruwan da ke haɗa su da tsibirin Maui ya daina aiki a 2016, ya rage musu ƙananan jirage masu ɗaukar mutum 9. Ranar da aka soke tashi, mai ganin likitan da ya yi wata da watanni yana jira ya rasa ranarsa. Wannan fa Amurka ce.

Malam Na Jos: Maman Ilham, na ji, kuma ba zan musa ba. Amma ki duba ɗaya gefen. Wannan likitan da kike cewa, da an ce dole ya tare a ƙauyen da matarsa da 'ya'yansa, babu makarantar kirki babu wuta, kina ganin zai zo? Zai ajiye aikin ne. Da babu gara ba daɗi.

Maman Ilham: Malam, wannan maganar ce ta sa har yau ba a gyara ƙauyen ba. Tunda an sami mai zuwa ya koma, sai kowa ya kwanta. Da a ce shugaban asibitin a nan yake kwana, da wuta ta zo tun tuni.

Hajiya Mai Atamfa: Faɗa musu dai ƙanwata.

Baban Khalifa (Masaka): Tunda an ambaci Hawai, ashe su ma babu jirgin ruwa tsakanin manyan tsibiran? Na ɗauka wuri kamar wannan jiragen ruwa ne ko'ina.

Injiniya Ɗan Zariya: An gwada, Yaya. A 2007 aka kawo wani babban jirgin ruwa mai gudu da ke ɗaukar mutane da motocinsu tsakanin Oahu da Maui. Masu kare muhalli suka kai ƙara kan ba a yi binciken illarsa ba kafin a fara, kotun ƙolin jihar ta ba su gaskiya, a 2009 ya tsaya. Tun daga nan sai sama. Honolulu da ke Oahu zuwa Kahului da ke Maui kamar kilomita 160 ne, minti talatin da wani abu. Jiragen asuba cike suke da 'yan kwangila da magina da lauyoyi, wasu da hular kwano a hannu.

Amma bari in gaya muku abin da mu masu gyara muke dubawa, wanda fasinja bai sani ba. Jirgi ba da shekaru kaɗai yake tsufa ba, ba kuma da sa'o'in da ya yi a sama ba. Da yawan tashi da sauka yake tsufa. Duk sanda babban jirgi ya hau sama ana cika cikinsa da iska don mutane su yi numfashi, jikinsa ya ɗan buɗe, in ya sauko ya koma. Buɗe, koma, buɗe, koma, har ƙarfen ya fara tsagewa a bakin ƙusoshi. Jirgin da ke zuwa Landan sau ɗaya yake wannan a rana. Na tsakanin tsibirai sai ya yi fiye da goma, ga gishirin teku yana cin jikinsa. A watan Afrilun 1988 wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya taso daga Hilo zai je Honolulu, yana sama rufin gaban ya yage ya tafi. Fasinjoji suna zaune a kujerunsu, sararin sama a kansu. Ma'aikaciya ɗaya iska ta fizge, ba a ga gawarta ba. Matuƙan suka sauke shi a Maui. Da aka duba, jirgin ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin binciken tsofaffin jirage.

Hajiya Mai Atamfa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A bar ni da goslon Dutse Alhaji, na gode.

Auta: Ni tambayata ga malamai. Wanda yake kilomita 160 kullum zuwa aiki, ƙasaru zai riƙa yi?

Malam Na Jos: Nisan ƙasaru a Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80, don haka na Hawai ya haura. Na Papa Westray kuwa sai ya cika sallarsa. Kai kuma da kake tsakanin Lugbe da Area 1 kada ka ma soma.

Na Ruwa: Barkanmu da yamma. Yanzu na buɗe waya na ga an yi nisa. Ku da kuke ta zuwa Sikotland da Amurka, ai a ƙasar nan ma akwai. Na yi shekaru ina aikin walda da wani ɗan kwangila a tsibirin Boni, jihar Ribas, inda kamfanin iskar gas yake. Akwai ƙaramin filin jirgi a Finima. Manyan ma'aikata da jirgi ake kawo su daga Legas. Mu kuwa sai mu je bakin ruwa a Fatakwal mu hau kwalekwale mai inji, a ba ka rigar ruwa da ta sha jiki, a lulluɓe ku da tamfol in ana ruwan sama, kowa ya yi shiru yana salati saboda 'yan fashin ruwa. Tsibiri ɗaya, wurin aiki ɗaya, amma hanya biyu. Shi ya sa mutanen can suka ƙallafa rai a kan hanyar Bodo zuwa Boni.

Masu aiki a rijiyoyin cikin teku kuma da jirgi mai saukar ungulu ake kai su, amma ba kullum ba. Ka yi makonni a can, ka yi makonni a gida. Na san mutanen Kano da Jos da ke wannan. In ka tambaye ni, wannan tsarin ya fi zuwa da dawowa kullum, don in kana gida kana gida ɗungurungum, ka kai yara makaranta, ka je ɗaurin aure, ka je jana'iza.

Malam Na Jos: Na Ruwa, wallahi da gwamnati za ta yarda in yi mako biyu a ofis, mako biyu a Jos, ko alawus ɗina ta riƙe na yafe.

Kawu: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma kowa ya yi magana mai ma'ana. Bari tsoho ya sa baki.

Da aka dawo da mu Abuja daga Legas, gidan gwamnati aka ba mu. Wasu Garki, wasu Wuse, ƙananan ma'aikata Nyanya da Karu da Kubwa, kuma da safe motar ma'aikata na zuwa ta kwashe su. Ni da ƙafa nake zuwa ofis in na so. A 2003 aka kawo tsarin mayar da haƙƙoƙin ma'aikata kuɗi, daga baya aka sayar da gidajen. Wanda yake ciki kuma yake da hali ya saya. Wanda aka ɗauka aiki bayan nan sai ya tarar babu gida, ga haya a cikin gari ta fi albashinsa na shekara. Sai Mararaba. Mararaba ta cika sai Ado, sai Masaka, yanzu har Keffi. Ta ɗaya ɓangaren Zuba, Madalla, Suleja. Aka zo aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka.

Abin da nake so ku lura, mutanen tsibiran nan Allah ne Ya raba su da wurin aikinsu da ruwa, hukumarsu ta ce bari mu haɗa su. Mu ƙasa ɗaya ce a shimfiɗe, da hannunmu muka raba. Ma'aikacin da ke share ofis a Maitama ba teku ce ta kai shi jihar Nasarawa ba, kuɗin haya ne. Saboda haka Baban Khalifa, tambayarka ta wa ya fi shan wuya, ni a ganina ku ne, kuma taku ta fi ciwo don tana da magani.

Baban Khalifa (Masaka): Allah Ya ƙara girma Kawu. Kullum in muka iso Kugbo da safe sai in ga layin motoci har inda ido ya tsaya, ɗaya hannun kuma mai fita gari fayau babu kowa. Da yamma abin ya juya. Titi ɗaya ne ke ɗauke da mutanen garuruwa biyar.

Hajiya Mai Atamfa: Kawu ka yi gaskiya, amma ni har yanzu ban yarda da maganar tallafin ba. Injiniya yana ta yabon Turawa sun biya wa mutum 100 jirgi. A nan in aka ce za a yi tallafin sufuri, kun san inda kuɗin zai tsaya. Ina motocin da aka yi ta ƙaddamarwa da kiɗa da rawa? Je ka ga inda aka jibge su.

Injiniya Ɗan Zariya: Hajiya, ba yabo nake ba. Bambancin shi ne yadda ake biya. Su ba jirgi suke saya su ajiye ba. Kwangila ake bayarwa ta 'yan shekaru: ga yawan tashin da za ka yi a mako, ga iyakar kuɗin da za ka karɓa a hannun fasinja, ga abin da za mu cika maka. Ba ka tashi ba, ba a biya ka ba. Wa'adi ya cika a sake tallata ta. Babu abin da ya hana a yi haka da manyan motoci daga Masaka zuwa Sakatariya.

Maman Ilham: Ko jirgin ƙasa. Akwai abokan aikinmu da iyalinsu ke Kaduna, tun da aka buɗe layin a 2016 suke bin sa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu. Da aka kai harin 28 ga Maris 2022 aka dakatar da shi har Disamba, kun ga yadda suka shiga wani hali. Wasu ɗaki suka kama a nan ba shiri. Duk wanda hanyarsa ɗaya ce tak zuwa wurin neman abincinsa, ko jirgin sama ne ko na ƙasa, ranar da ta tsaya ya tsaya.

Na Ruwa: Jirgin ƙasan cikin gari fa? Na ga an sake buɗe shi a 2024.

Baban Khalifa (Masaka): Ya tafi Idu, ya tafi filin jirgi, ya bi ta Kubwa. Ɓangarenmu na Nyanya da Mararaba, inda mutanen suke, ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba.

Auta: To tunda ya je filin jirgi, Malam Na Jos an rage maka kuɗin tasi. Saura tikiti da hazo.

Malam Na Jos: Kai dai Allah Ya shirye ka. Injiniya, ka turo mini bayanin yadda ake rubuta irin wannan kwangilar in kana da shi. Ƙungiyarmu ta ma'aikata za ta zauna ranar Laraba kan maganar motar ma'aikata, ina so in tashi da shi a wurin.

Injiniya Ɗan Zariya: In sha Allah Malam, in na tashi daga aiki zan rubuta maka a taƙaice.

Hajiya Mai Atamfa: In kun samu motar ku tuna da 'yan kasuwa. Mu ma ƙarfe shida muke fita.